Zaren da Genivaldo ke auna dantsensa

Kullum da safe, kafin ya kurɓi kofi, Genivaldo kan zaro wani zare daga aljihu ya zagaya dantsensa da shi. Akwai ƙulli a jikin zaren, wanda ya yi tun yana ɗan shekara talatin. In bakin zaren ya tsaya daidai kan ƙullin, ranar za ka ji yana tafe yana fito.

Dakon tukunyar gas yake yi a unguwarmu, kan tudun Casa Amarela a birnin Recife. Matakala ɗari da arba'in ce daga titi zuwa gidan uwarsa, Dona Zefa, kuma shekara ashirin da biyar yana hawa yana sauka. Aikin ne ya ƙera shi. Kafaɗar dama ta yi kanta ta ɗan karkace, ƙwaurinsa kamar an sassaƙa. Ran Lahadi kuwa uwar yake goyowa zuwa coci, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Daga rumfata ta gyaran takalmi nake ganin saukowarsu.

"A hankali, ɗan nema," take cewa. "Ni ba tukunyar gas ba ce."

"Ai gara tukunyar, Mama, ita ba ta surutu."

Sai aka fasa hanya ta bayan tudu, masu babura suka karɓe dakon. Cikin wata shida zaren ya fara rara. Na ce masa ga gwangwanayen fenti, ga siminti, ya haɗa abin ɗagawa na gina dantse kamar kowa. Ya cika gwangwani ɗaya, ya kafa bututun ƙarfe a ciki, ya jingine a bangon rumfata don ya bushe.

A makon ne wani ya nuna masa hanya mai sauƙi. Mai ne, da barasa kaɗan, da sirinji irin na dabbobi na ɗura su a dantse. Ban tambayi ko wane ne ba. Na dai san gidan.

Hannuwan suka kumbura. Ban ce sun girma ba. Fatar tana ƙyalli kamar leda da aka ɗura wa ruwa. Ya yanke hannayen rigunansa, ya ƙara wa zaren tsawo.

"Baba Bastiao, taɓa ka ji! Dutse!"

Na taɓa. Da ɗumi, kuma yatsana ya bar rami wanda bai ciko da wuri ba. Na goge hannuna a tsumman takalmi.

"Simintinka ya bushe," na ce.

"Bar shi nan, tsoho. Wannan sai masu lokacin ɓatawa."

Wata Lahadi ya goyo Dona Zefa kamar kullum. A matakala ta goma hannuwansa suka saki da kansu. Ta zame ta zauna daɓas. Ba ta ji ciwo ba, amma wani ruwa rawaya ya ɓata mata farar rigarta ta coci, daidai inda dantsensa ya matse ta. Ta kai rigar hanci, ta kawar da kai.

"Genivaldo, me ka ɗura wa jikin da na haifa?"

Ya sunkuya ya ɗauki jakarta. Mata biyu maƙwabta ne suka ciccibe ta suka mayar da ita gida, yana biye da su riƙe da jakarta.

A asibiti an yanke abin da ya daskare a ciki. Wanda ya raka shi ya ce sai da aka buɗe taga saboda wari. Hannuwan ba su salwanta ba, amma ba sa ɗaguwa sama da ƙirji. Dona Zefa ba ta sake saukowa ba. Fadan cocin ne ke hawa wurinta sau ɗaya a wata, yana haki.

Yanzu Genivaldo yana sayar da dafaffiyar masara a bakin titi, cikin riga mai dogon hannu, ko ana zafi. Ban ƙara ganin zaren ba. Bututun yana nan a bangona, gwangwani a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya yi tsatsa. In ya wuce yakan dube shi ya ce, "Gobe zan cika ɗayan, Baba."

Ragowar simintin ya daskare a buhu tun bara. Ban gaya masa ba.