Ragar da Ilu ya kafa wa tantabaru

Na hau saman gidanmu na unguwar Aziziya, a nan ƙasar Larabawa, zan yi shanya, sai na tarar da tantabara tana ta dukan raga da fukafukai. A cikin silin kuma 'ya'yanta biyu suna kuka.

Aikin Ilu mai gadi ne. Mai gidan da muke haya ya ce a kori tsuntsaye kafin baƙin Kofin Duniya su iso, shi ne gwanin ya toshe ramin da suke shiga silin da raga, ko leƙawa bai yi ba.

Na ce, "Malam Ilu, kai nan aiki ka yi?"

Ya ce, "Hajiya, khalas, shi ke nan! Ko guba ban sa ba, tausaya musu na yi."

"Tausayi? Jarirai a kulle, uwa a waje? Yalla, maza ɗauko tsani."

Yana gunaguni ya cire. Na ce sai sun yi fiffike sun tashi, a leƙa, sannan a mayar da ragar.

Lokacin korona haka na yi ta zarya ƙofar asibiti, mijina na ciki, har ya cika ban gan shi ba. Allah ya jiƙansa.

Ku faɗa min, wanda ba a taɓa rufe wa ƙofa ba, ina zai san tausayi?