Ranar da Baba Mai Yankan Ciyawa Ya Riƙe Sanda

Shekara talatin Baba yana yankan ciyawa a filin golf, ba wanda ya taɓa ganin sandar wasan a hannunsa. Ranar da zai yi ritaya, wani ɗan kulob da ake kira Igwa saboda nisan bugunsa ya tsokane shi, ya ce su buga rami tara, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci.

Igwa ya fara. Ƙwallonsa ta tashi har ta ɓace wa ido, ta faɗa cikin bishiyoyi. Ta Baba ko rabin nisan ba ta yi ba, amma ta sauka a tsakiyar fili. Aka kwashe da dariya.

Kafin rami na biyar dariya ta ɗauke. Igwa ya jefa ƙwallo biyu a tafki, yana ta haɗa gumi, Baba kuwa na tafe a hankali. Da aka gama, bugun Baba ya gaza na Igwa da shida, wato ya cinye shi.

Igwa ya riƙe baki. "Baba, ashe ka iya haka?"

"Ɗana, ƙarfina ba ya kai ta nesa. Inda idona ke gani kawai nake aika ta."

Igwa ya zauna daɓas a ƙasa.