A Kai Shi Sama

Ikilima 'yar Fadaman Mada ce, mace mai dariya kamar an biya ta ta yi. Shekara goma sha ɗaya tana buga takardu a wani kamfanin inshora mai hawa uku a GRA. A gidan nan kowa da hawansa. 'Yan ƙasa fanka ce rabonsu, tun ƙarfe goma suke hamma. 'Yan tsakiya na shan sanyin na'ura. Can sama kuwa manaja ne, wanda ko tari ya yi sai an miƙe tsaye.

Rana ɗaya aka ɗauke ta aiki da wani Ikrima, mutumin kirki, sai dai barci. Sau biyu ana ƙara masa girma da albashi har ya hau tsakiya, kuma ita ke buga takardar da hannunta, tana yi masa barka, abin yana cin ta a rai. Ba ta da buri sai ta hau tsakiya kafin furfura ta riga ta.

Shi manaja da girmansa ya koyi Hausa, irin wadda kowa "shi" ne, har matarsa. Ran wata Talata sakatarensa bai zo ba, aka tura Ikilima sama da littafi da biro.

"A'a, Iki, kai ne?" in ji manaja. "Yaya sabon ofis?"

"Wane ofis, ranka ya daɗe?"

"Ba sau biyu na ce a ɗaga ka ba? Tun shekara bakwai na gaya wa sakatare, Iki ɗin nan yana da ƙoƙari, a kai shi sama."

Ashe sakatare da ya ji "shi", sai ya nufi Iki mai gemu, wato Ikrima.

Dariya ta ƙwace wa Ikilima har ta zauna a kujerar baƙi ba a ce ta zauna ba. Manaja ya ce ta je ta bugo takardarta yanzu ya sa hannu. Matakala bibbiyu ta riƙa tsallakewa, takalmi a hannu. Ta rungume mai shara, ta gaida fanka, ta leƙa ta tashi Ikrima ta ce ya matsa, maƙwabciya na tafe. Daɗi kamar ya kashe ta.

Ta buga sunanta da manyan baƙaƙe, ta sa "Malama" a gaba don kada a sake. Da ta zo kan kwanan wata sai yatsunta suka tsaya. Na yau aka ce ta sa. Ta duba takardar sama da ƙasa, babu inda za a rubuta shekara bakwai.