Goribar Baturiya ta Bakwai

Ni na ɗauko goribar a amalankena, gara in faɗi wannan tun farko. Sunana Lurwanu, aikina jigilar baƙi da shanu biyu daga bakin kwalta zuwa Gandun Kaba, tsakanin Cadawa da Gazawa. Amma labarin ba nawa ba ne, na Baturiya ne.

Baturiya masaƙiyar tabarma ce, ta haura sittin. Gajera ce, fara, tafin hannunta duk tsagar kaba. Aure ya kawo ta garinmu daga wajen Gazawa, gidan Sale, manomi mai gona a bakin fadama. Ba ta da yawan magana. In ka gaishe ta za ta amsa, yatsunta na kan saƙa.

Kaba ita ce goriba tun tana ƙarama. In ana yanke ganyenta har da na tsakiya, a ƙasa za ta ƙare, ba ta tashi. In aka bar mata na tsakiyar, wata rana sai ta zama itace. A shekarun da kowa ke aske kaba har ƙasa, Baturiya da Sale suka zaɓi bakwai a gefen gonarsu. Ta yage bakin zanenta ta ɗaura wa kowace ƙyalle, alamar a bar ta. Ta yi faɗa da makiyaya a kansu, ta yi da mata 'yan'uwanta masu yankan kaba. Shekara ashirin da 'yan kai tana wannan gadi, har bakwai ɗin suka tashi.

Ta bakwai ta fi sauran girma, ta rabu biyu a sama ta yi gwafa. Ranar ƙarshe da Sale ya je gona, ƙarfen hauyarsa ya karye. Ya taka amalanke ya soke guntun a cikin gwafar, ya ce gobe zai kai wa maƙeri. Bai sake fita ba, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida aka yi jana'iza. Baturiya ta hana kowa sauke ƙarfen. Itacen ya ci gaba da girma har ya haɗiye rabinsa.

Bayan shekaru baƙi suka fara zuwa. 'Yan jami'a daga Maraɗi, manoma daga wasu jihohi, jefi-jefi Turawa, duk don su ga yadda fadamar da ta mutu ta sake yin itace. Wani furoje, wato shirin tallafi na raya karkara, ya taimaka aka keɓe gandu, aka kafa kwamiti, aka hana sara. Mata suka samu cinikin fura da tabarmi, ni na samu jigila. Shugaban kwamitin Yahuza ne, wanda ya yi lakol, makarantar boko, har aji na tsakiya, muna ce masa Farazidan. Bai taɓa rainon ko kaba ɗaya ba, amma in ya tsaya gaban baƙi yana bayanin itace, sai ka rantse shi ya shuka fadamar da hannunsa.

Da za a gina babbar rumfar baƙi, aka rasa dirkar tsakiya, itace mai gwafa da zai ɗauki nauyin jinka. Gara ba ta son goriba, kuma duk yankin babu mai gwafa mai kyau kamar ta Baturiya. Gonarta tana wajen iyakar gandu. Ranar da ta tafi kasuwar Cadawa da tabarmi, Yahuza ya aiko a kira ni.

Na tarar da goribar kwance, ganyenta kore shar, ruwa na tsatsowa daga saran.

Na ce, “Farazidan, wannan ai ta Inna Baturiya ce.”

Ya ce, “Iska ta kayar da ita, mun gyara gindin ne kawai. Ɗora mu tafi, Lurwanu, rana na yi.”

Ranar ko ganye bai motsa ba. Na ga ƙarfen Sale a gwafar da idona. Na ɗora, na kora shanu. Jigilar baƙi a hannun kwamiti take, ina da bakuna takwas a gida. Wannan shi ne dalilina, kuma ba dalili ba ne mai kyau.

Da ta dawo ta kai ƙara wurin mai gari. Yahuza ya zo da farar riga ya durƙusa.

“Inna, ni ɗanki ne. Wa zai sa gatari a itacenki? Iska ce. Da mu bar ta ta ruɓe, ba gara ta yi wa gari amfani ba?”

Ta ce, “A je a duba kututturen.”

Ba wanda ya tashi. Mai gari ya ce baƙi sun fara zuwa, kada a ji ana sara a garin da ake zuwa kallon itace, ta yi haƙuri. Wani daga baya ya ce tsohuwa na kukan itace kamar an sace mata ɗiya, aka yi dariya. Ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta ɗan daɗe. Sannan ta ɗauki takalmanta ta fita.

Washegari ta kife tsohuwar randa a kan kututturen, ta kewaye shi da ƙaya. A rumfa kuwa Yahuza ya kasa zare ƙarfen, sai ya sa aka shafe gwafar da laka, jinka ta rufe ta.

Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Baturiya ta shiga ƙungiyar mata masu sayar wa baƙi kaya. Ba ta fashin taro. Tabarminta suka zama abin da baƙo ke fara tambaya. Da kwamiti ya raba atamfa mai hoton itace, ta karɓa ta ɗinka, ta riƙa ɗaurawa duk ranar baƙi. In Yahuza ya wuce sai ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Farazidan.” Shi kuma ya riƙa nuna ta yana cewa ga uwar gandu. Mutane suka ce ta huce.

Ni na san ba ta huce ba, don shekara biyu ba ta hau amalankena ba. Da ƙafa take kai kayanta bakin kwalta. Wata rana na tsaya kusa da ita a hanya.

“Inna, hau mana, rairayin nan da zafi.”

“Amalankenka na manyan kaya ne, Lurwanu. Ni ba ni da gwafa.”

Na kora shanu na wuce.

A shekara ta uku aka ce za a faɗaɗa gandu, kuma sabuwar iyakar za ta haɗiye gefen gonar Baturiya. Goriba shida da suka rage za su koma hannun kwamiti, wato hannun Yahuza. Yana ma maganar ƙarin rumfuna biyu. Kowa ya san inda dirkokinsu za su fito. Aka sa ranar da ma'aikatan gandun daji da mutanen furoje za su zo su ga wuri su sa hannu.

Saura wata biyu Baturiya ta je wurin Yahuza da kanta. Ta ce cikin jinkar rumfa ya yi baƙi, kunya ne manyan baƙi su gani, za ta saƙa tabarmar da za ta rufe shi duka, kyauta. Ya yi ta sa mata albarka. Kwana hamsin tana saƙa, ta rina kaba da karan dafi har yatsunta suka yi ja. Ana gobe taro ta zo ƙofar gidana da hantsi, karo na farko.

“Ina son tsani da mutum mai tsawo.”

Muka ɗaura tabarmar tun daga gefe har tsakiya. A tsakiyar ta bar rami kamar faɗin faifai, ta kewaye shi da jan zobe uku, duk zanen tabarmar yana gangarowa zuwa gare shi. Ramin ya faɗa daidai kan gwafar. Ta miƙo mini wuƙa da jiƙaƙƙen tsumma.

“Kankare lakar nan.”

Na kankare. Ƙarfen ya fito, ya yi tsatsa, amma yana nan. Ta ce in goge shi da mai, na goge.

“Gobe ta wace hanya za ka biyo da su?”

Na ce, “Wadda Farazidan ya ce, ta bakin rijiya.”

Ta ce, “To.” Ta naɗe tsumman ta tafi. Ba ta roƙe ni komai ba.

Da safe na ɗauko mutum biyar a bakin kwalta. Babbarsu wata ma'aikaciyar gandun daji ce, Madam Salima, mai kakin soja da littafi a hannu. Yahuza yana gaba a kan babur. Da muka zo mararraba ya yi dama, wajen rijiya. Ni na karya shanu hagu. Ya juyo yana ɗaga hannu, na yi kamar ban gani ba. Na tsaya a gefen gonar Baturiya, inda goriba shida ke tsaye a jere, da gurbi ɗaya.

Madam ta ce, “Me aka rufe da randa can?”

Na sauka na janye ƙaya na ɗaga randar. Rana da ruwa ba su taɓa kututturen ba, kowane sarin gatari yana nan kamar jiya aka yi. Ta duƙa ta shafa.

“Ɗanya aka sare wannan. Wa ya sare?”

Yahuza ya iso yana haki. Ya ce tsohon abu ne, tun kafin a kafa gandu, wasu baƙin makiyaya ne. Ta rubuta wani abu a littafinta.

A rumfa aka zazzauna, aka kawo fura. Yahuza ya fara jawabi, ya ce tun da aka kafa kwamiti ko reshe ba a karya ba a yankin nan. Amma ba shi ake kallo ba, duk kai ya ɗaga sama. Wani ɗan furoje ya ce bai taɓa ganin saƙa irin wannan ba, yana ɗaukar hoto. Ido ya bi jan zanen har tsakiya.

Madam ta ce, “Wancan ƙarfen fa? Wa ya saƙa tabarmar?”

Baturiya ta miƙe daga cikin mata, da atamfar kwamiti a jikinta.

“Ni ce. Ƙarfen na mai gidana ne, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa shi a goribarmu da hannunsa. Kin ga gindinta a hanya, ga kanta nan.”

“Wa ya kawo ta nan?”

Na ce, “Ni. Da ganyenta kore. Farazidan ya sa ni.”

Yahuza ya koma ya zauna.

Ba a sa hannu ba ranar. Aka dakatar da faɗaɗa gandu, aka rushe kwamiti, aka kira Yahuza buro, ofishin gandun daji a Maraɗi, sau uku. Furoje ya janye ƙafa wata bakwai, baƙi suka ɗauke. Masu fura suka daina gaishe da Baturiya, wata ta ce mata a rijiya ta kashe wa gari kasuwa saboda guntun ƙarfe. Ta ce, “Da kuka yi dariya ba ku tuna da kasuwa ba.” Ni ma wata bakwai ina ɗaukar taki da bulo. Ban yi ƙorafi ba.

Da aka dawo da maganar, sabuwar iyaka ta kauce wa gonarta. Madam ta tambaye ta ko a cire dirkar a mayar mata. Ta ce a'a, a bar ta ta riƙe rumfar, kuma kada a taɓa tabarmar. Yanzu duk baƙon da ya shiga sai ya ɗaga kai ya tambaya, kuma sabon mai yi wa baƙi bayani dole ya faɗa, da sunan wanda ya sa aka sare goribar. Yahuza yana sayar da man babur a bakin kwalta. Kullum ta nan baƙi ke wucewa bayan sun ji.

Da Baturiya ta bar kututturen a buɗe babu randa, damina ɗaya kaba ta tsiro a gefensa. Ta yage atamfar kwamiti ta ɗaura mata ƙyalle. Ranar kasuwar da ta wuce ta tsayar da ni, ta loda tabarminta a amalanke. Na matsa mata wuri. Ta ce kayan dai, ita za ta taka. Da muka iso kwalta Yahuza ya ce, “Inna, ina kwana.” Ta tsaya ta gyara ɗaurin kallabinta a gabansa, a hankali, sannan ta wuce.