Fil a Bakin Iya Mai Ɗinki

Iya mai ɗinki tana da wata ɗabi'a. In ta hau keken ɗinki sai ta jera fil uku ko huɗu a leɓenta, ta riƙa zarar su ɗaya-ɗaya tana kafe yadi. Haka take wuni. In mai kaya ta ce, "Iya, yaushe zan dawo?" sai ta ce "uhm" ta ɗaga yatsu. Masu zuwa wurinta sun saba, har sun iya bambanta uhm ɗin yarda da na ƙi.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, jikin na mai aski. A ƙarƙashin teburin yanka jikanta yake zama cikin ƙyallaye, domin uwarsa tana koyarwa a makaranta, ubansa kuma, ɗan Iya na fari, direban babbar mota ne. Angona take ce masa. Yaron ya haura shekara biyu bai taɓa cewa ko mama ba. In ya nuna kofi a miƙa masa ruwa, in ya nuna ƙofa a ɗauke shi. Kowa a gidan yana alfahari da cewa yana gane nufinsa tun kafin ya gama ɗaga hannu.

Wata rana da hantsi Iya ta sunkuya ɗaukar almakashi, sai ta gan shi da tsinken ashana a leɓe, yana juya ƙyalle a cinyarsa. Ya dube ta ya ce, "Uhm."

Mai aski da ke tsaye bakin ƙofa ya tuntsire da dariya. "Iya, kin samu magaji."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta zare fil ɗin bakinta ta soke su a ƙullin tsumma, ta rufe keke tun rana ba ta yi tsaka ba.

Da yamma ta iske ɗanta a tsakar gida yana wanke ƙafa. Ta ce gobe za ta kai yaron asibiti.

"Asibiti kuma? Me ke masa ciwo? Iya, ke fa kika ce ni ma sai da na shekara huɗu na buɗe baki."

"Na ce. Ban ce na ji daɗin shekarun ba."

"So kike mutane su ce ɗana bebe ne?"

"Suna faɗa tun bara. Kai ne ba ka gari."

Ya ce shi dai bai yarda ba. Ta gyara mayafinta a hankali. "Ba izini na zo nema ba, ɗan nan. Katin asibitinsa na zo karɓa."

Surukarta, wadda ba ta taɓa ɗaga ido a gabanta ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta daɗe tana nema ba. Da alama katin ya kwana biyu a inda hannu zai kai gare shi da sauri.

A asibiti aka fara gwada kunnensa, aka ce lafiya lau yake ji. Sannan aka tura su wurin wata matashiya mai koya wa yara magana. Iya ta ba ta labarin tsinken ashana, tana kallon ƙasa.

"Iya, ba ke kika jawo ba," in ji matashiyar, "kuma gara da kuka zo yanzu. Amma ki sauko daidai tsayinsa, ya riƙa ganin bakinki. Ki faɗi sunan abu, sannan ki jira shi. In ya nuna, kada ki yi saurin miƙawa."

Iya, matar da marigayi mijinta yake cewa ya fi jin muryar kekenta a kan tata, sai ga ta durƙushe a kan gwiwoyi masu ciwo tana cewa, "Zare. Angona, zare. Maɓalli. Almakashi, wannan ba naka ba ne." Duk mako tana rufe shago safiya guda su koma wurin matashiyar. Wasu masu kaya suka kwashe yadinsu suka kai gaba. Wata ta ce, "Iya, kin zama rediyo."

"To ki murɗa wata tasha," in ji Iya.

Abin bai zo da wuri ba. Watanni suka shuɗe yaron yana kallon bakinta yana motsa nasa, ba sauti. Ɗanta ya daina gardama, ya koma jiran ta gaji. Ba ta gaji ba. Ta fara ɗinka wa yaron littafi da ragowar yadi, kowane shafi da abu guda: kofi, takalmi, mota irin ta ubansa.

Ranar da uban ya kawo shi aski, mai aski ya kunna inji ya nufo kansa. Yaron ya dafe kai da hannu biyu.

"A'a."

Mai aski ya tsaya da inji a sama. Iya ta leƙo daga shagonta. "Ka ji angona. Ya ce a'a. Ajiye."

Ba a yi askin ba ranar. Uban ya fita ya daɗe yana duba tayoyin motarsa, waɗanda ba abin da ya same su.

Daga nan kalmomi suka riƙa zuwa, a karkace da farko, sannan a miƙe. Iya ba ta sake sa fil a baki ba har ciwon da ya kwantar da ita, wanda ba ta tashi ba. Yaron yana makaranta yanzu, kuma an ce malamarsa kan roƙe shi ya bar wasu su yi magana.

Littafin yana nan a aljihun keke. Shafin ƙarshe kifi ne, an ɗinke kai da ciki, wutsiyar kuwa fil biyu ne kawai ke riƙe da ita. Uban ya taɓa cewa zai kai wa wani tela ya ƙarasa. Yaron ya karɓe littafin ya rungume.

"A'a. Na Iya ne. Ba ta gama ba."