Tambayar da Baba ke yi kafin ya danna kyamara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, tara ga watan Yuli, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran mahaifina, mai ɗaukar hoton manyan hafsoshin soja, bayan gajeriyar jinya. Ya cika ina riƙe da hannunsa.

Baba, duk wanda ya bi dogon barandar hedikwata ya ga aikinka ko bai san sunanka ba. Janar-janar ɗin nan da ke jere a bango, kowanne sai da ya zauna a tsohuwar kujerarka mai ƙara, gaban shuɗin labule. Kai kaɗai ne farar hular da ke ce wa Janar ya ɗaga haɓa, ya kuma ɗaga. Na sha jin kana cewa, "Yallaɓai, a ɗan shigar da tumbi, kyamarata ba ta iya rufa asiri ba." Dogarai su yi ta cizon leɓe don kada dariya ta kuɓuce musu.

Ba ka taɓa gwada haske da kujerar da babu kowa a kanta ba. Direban Janar ko mai riƙe masa jaka kake zaunarwa, ka ɗauke shi, ka wanke hoton ka ce ya kai wa mahaifiyarsa. A zaman makoki wata tsohuwa ta zo da irin hoton nan a naɗe cikin gyale. Ta ce ɗanta bai dawo daga fagen daga ba, kuma hotonsa ke nan kaɗai da take da shi.

Amma abin da aka fi saninka da shi shi ne tambayarka. Idan an gyara hula, an daidaita lambobin yabo, sai ka ɗago daga bayan kyamara ka ce, "Ranka ya daɗe, faɗa min sunan mutum ɗaya da ka rasa a bakin aiki." Sai ƙirjin da aka banƙaro ya ɗan sauka, ido ya canza, a nan kake dannawa. Wasu sun fusata, akwai wanda ya tashi ya fice, sai da ya huce ya dawo. Da na tambaye ka dalili, ka ce ƙananan sojoji ne za su riƙa wucewa ƙarƙashin hoton, gara su ga fuskar wanda ya san nauyin ransu.

Shekaru na yi ina aiki tare da kai, ban taɓa yin tambayar da bakina ba. Ga shi an sa ranar hoton sabon kwamanda tun kana kwance. Bayan rasuwarka wani jami'i ya kira ni, ya yi min gaisuwa, sannan ya ce za a bar min aikin idan na ɗauka kawai, ban da tambaya. In ba haka ba, akwai masu gyara fuska a kwamfuta suna jira. Mama ta ce in bi a hankali. Wallahi Baba na ji tsoro, don in aikin nan ya tafi, shagonka ya rufe ke nan. Amma na rantse ba zan rataya hoton banza kusa da naka ba.

Jiya kwamandan ya zo. Na zaunar da direbansa na gwada haske. Na gyara wa Yallaɓai hula. Jami'in nan na tsaye a bakin ƙofa yana zare min ido. Na ɗago na yi tambayar, kalma da kalma yadda kake yi.

Ya dubi kujerar da yake kai. "'Yata," in ji shi, "tun ina ƙaramin hafsa nake rako manya ɗakin nan, ina tanadin amsar da zan ba mahaifinki. Ina da sunaye da yawa. Amma yau nasa ne ya fara zo min."

Na danna, ko da yake hawaye sun hana ni ganin komai. Hoton ya fita tas. Za a rataye shi a ƙarshen layinka, kuma muddin ina riƙe da kyamarar nan, babu Janar ɗin da zai tashi daga kujerarka bai amsa ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da ƙannena, da baffanninmu, da duk sojan da ya taɓa zama gaban shuɗin labulen nan. Allah Ya jiƙanka Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma Ya ba mu haƙuri, Ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan ci gaba da tambaya. Amin.