Gyalen da aka hana ni ɗaurawa

Shekarar da 'yata ta cika goma ta daina yarda in riƙe mata hannu. Lokacin muna ƙasar Turawa, muna haya a titin High Point Road a garin Greensboro, kusa da kantin da muke sayen gero da busasshiyar kuɓewa. Ko titi za mu tsallaka sai ta zame hannunta ta ce, "Mama, I'm not a baby." Abin yana ci mini rai, amma wa zan gaya wa?

Da aka ba yara dogon hutu, mutanenmu na masallaci suka haɗa mota biyu zuwa wani filin wasanni, tafiyar kusan awa biyu daga Greensboro. Muka cika kuloli da dambu da soyayyun kaji, mata ana ta shewa, maza ana gardamar hanya. Har yau ina kewar irin wannan fita.

A filin akwai wani tsohon jirgin wasa, rola kosta in ji yara. A kan dogo yake gudu, ya hau sama ya kife da mutane, ƙafa sama kai ƙasa, har sau biyu. Fentinsa duk ya koɗe. Yarinyar nan ta kafe sai ta hau, alhali da ƙyar kanta ya taɓa layin awon tsawo da ake gwada yara kafin a bar su su hau, ga ta siririya kamar tsinken tsire.

Na raka ta har kujera. Aka sauko mata da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai soso ta kan kafaɗu, ya yi ƙas-ƙas ya tsaya. Babu bel na ɗaure ƙugu, babu komai. Na zura dunƙulen hannuna tsakanin ƙarfen da kafaɗarta, ya shige salin-alin.

Ni da na goya ƙanne biyar a Maraɗi kafin in goya tawa, na san ba a barin goyo da zane kaɗai, sai an ƙara majanyi. Nan take na zare gyalena na fara zagaya shi a ƙugunta, zan ɗaure ta da ƙarfen.

Mai kula da jirgin, wata Baturiya mai furfura, ta taho da sauri. Ta ce an hana, ƙyalle yana iya maƙalewa a dogo. Ta ce gudun jirgin shi ke danne mutum a kujera. Da guntun Turancina na tambaye ta, idan gudun ya gaji fa?

"Mama, please, everybody's looking," in ji 'yata, idonta taf da hawaye.

Na san in na ciro ta, ba za ta ƙara yarda ta jera da ni ba. In na bar ta kuma, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Sai na miƙa wa wata Hajiya maƙwabciyarmu gyalen, na ƙara ɗaure kallabina, na zauna a kujerar kusa da ita. Ni da ko tsani ba na hawa!

Abin da na riƙe daga tafiyar nan shi ne salati, da ƙarfen nan yana ta bubbuga mini kunnuwa dama da hagu.

A hanyar komawa gardama ta kaure. Alhajin da ke tuƙa mu bakanike ne, ya ce tsohon ƙarfe ya fi na yanzu ƙarko, tunda jirgin bai taɓa zubar da kowa ba a ƙyale shi. Na ce, "Alhaji, da ƙattai irinku aka auna shi, ba da 'yata ba." Ra'ayina ke nan har gobe: tsohon jirgi a ƙara masa bel, a canja abin da ya saki. Ai ko majanyi in ya tsufa sabo ake nema.

Akwai hoton da na'ura ke ɗauka daidai lokacin da jirgin ya kife. Hajiya ce ta karɓo mana namu, sai da muka iso gida na duba. Duk a zatona ni na riƙe yarinyar. Ashe hannuwana biyu suna ƙanƙame da nawa ƙarfen, idona a rufe, bakina a hangame. Hannunta ne a kan nawa.

Na tambaye ta me take faɗa a hoton, don bakinta a buɗe yake. Ta sunkuyar da kai, ta amsa da Hausar da na zaci ta watsar.

"Cewa na yi, Mama, kar ki ji tsoro, ina riƙe da ke."